Faffaɗar tayar baya: Ƙarfi take ƙara wa babur ko wahala?

A ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Zobe a jihar Katsina, inda babur ne motar haya kuma shi ne motar ɗaukar marar lafiya, ba sabon abu ba ne mai babur ya nemi a ɗaura masa tayar baya wadda ta fi wadda kamfani ya sa faɗi. To sai dai ƙa'idojin ƙera taya na nuna cewa faɗi daban, ƙarfi daban.

An kammala ginin madatsar ruwan ta Zobe ne a shekarar 1983, a kan kogin Karaduwa da ke ƙaramar hukumar Dutsin-Ma. Masunta da masu noman rani na wuraren Garhi da Makera sun dogara da ita, kuma abin da suka samu, kifi ne ko tumatir ko masara, akasari a bayan babur yake isa kasuwa.

Babbar hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi zuwa Dutsin-Ma kwalta ce. Amma da zarar an sauka daga kanta, sai burji da gargada da rairayin ƙoramu, da damina kuma taɓo. Ga ƙaya a burtali. A irin wannan ƙasa, tayar baya ce ke shan wahala fiye da kowane sashe na babur, domin ita ke ɗauke da mafi yawan nauyi, ita ce kuma ke tura babur ɗin gaba. Shi ya sa takan riga ta gaba cinyewa, shi ya sa kuma duk lokacin da aka zo sauya ta ake sake tayar da tambaya ɗaya a rumfar mai faci: a mayar da irin ta da, ko a sa babba?

Hujjar masu son babbar taya ba boyayya ba ce. Suna ganin za ta fi ɗaukar kaya, ta fi daɗewa, ta fi kama ƙasa, ta kuma ƙara wa babur kwarjini. Na ƙarshen nan dai gaskiya ne, babu mai musu. Sauran ukun ne ke buƙatar a duba.

Abin da lambobin ke nufi

A jikin kowace taya akwai rubutu, kuma kusan dukkan amsar tana cikinsa.

Yawancin ƙananan baburan da ake aiki da su a arewacin Najeriya, irin su Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, da TVS, da Jincheng da Haojue na China, suna zuwa ne da taya mai lamba kamar 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya, wasu kuma 18 a maimakon 17. Lambar farko faɗin tayar ce a ma'aunin inci, wato inci 3 daidai yake da milimita 76. Ta biyun kuma girman wilin da tayar za ta hau ne. Tayar wili 17 ba ta hawa wili 18 ko da an yi ta dukanta da guduma.

Akwai kuma wani tsarin rubutun, kamar 110/90-17. A nan 110 faɗi ne da milimita, 90 kuma na nufin tsayin gefen tayar kashi 90 cikin 100 ne na faɗin nata. Wannan na nufin idan faɗi ya ƙaru, tsayi ma ya ƙaru, abin da masu saye da yawa ba sa lura da shi.

Bayan waɗannan sai wata lamba da harafi, misali 45P ko 50P. Wannan ce lambar da ta shafi mai ɗaukar kaya kai tsaye. A jadawalin da masu ƙera taya na duniya suka amince da shi, 45 na nufin tayar za ta iya ɗaukar kilo 165, 50 na nufin kilo 190, 52 kuma kilo 200, muddin iskar da ke cikinta ta cika yadda aka ƙayyade. Harafin P na nuna iyakar gudun da aka gwada ta a kai, wato kilomita 150 cikin sa'a guda. Sau da yawa akan ga 4PR ko 6PR a kusa da su, alamar ƙwarin zaren da aka saƙa a cikin robar.

Ke nan ana iya samun tayoyi biyu masu faɗi ɗaya, dukkansu 3.00-17, amma ɗaya ta fi 'yar'uwarta ɗaukar nauyi da kilo 25. Wanda burinsa shi ne ɗaukar kaya, abin da ya kamata ya fara nema shi ne 6PR da lamba 50, tun kafin a zo maganar faɗi.

Wani ɗan lissafi zai nuna muhimmancin haka. A ce nauyin babur da ke kan ƙafar baya kilo 60 ne, kason nauyin direba da ke sauka a kanta kilo 40, sannan aka ɗora buhun masara mai kilo 100 a kan kariya. An riga an kai kilo 200 ke nan, ba a ma yi maganar goyo ba. Tayar lamba 45 ta wuce iyakarta da nisa, ta lamba 50 ma ta wuce. Wannan shi ne halin da tayoyi ke ciki a duk ranar kasuwa.

Wilin ne ke yanke hukunci

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne cewa wili ma yana da nasa faɗin, kuma an buga lambarsa a jikin ƙarfen, kamar 1.60x17 ko 1.85x17. An ƙera kowace taya ne domin ta zauna a kan wili mai wani faɗi. Tayar 3.00 ta fi zama daidai a kan wili mai inci 1.85, ta 3.50 a kan mai 2.15, ita kuwa 110/90 wili mai inci 2.50 take so.

Idan aka cusa faffaɗar taya a kan siririn wili, bakinta biyu kan matse zuwa ciki, bayanta kuma ya yi tsini kamar doron kifi. Sakamakon haka, wurin da ke taɓa ƙasa yayin da babur ke tafiya a miƙe yakan ragu ne a maimakon ya ƙaru. Tsakiyar tayar sai ta yi ta cinyewa ita kaɗai, gefenta biyu kuwa na nan sabbi fil, ba su taɓa ganin ƙasa ba. Mai babur ya biya kuɗin roba mai yawa, amma da kaɗan daga cikinta yake amfani.

Haɗarin ya fi fitowa a kwana. Babur ba ya shan kwana sai ya karkata, kuma an zana lanƙwasar bayan taya ne yadda karkatar za ta zo sannu a hankali. Tayar da aka matse ta rasa wannan siffa. Gefenta, wanda ya kamata ya tsaya kusan a miƙe, yana jingine ne, saboda haka yakan yi lilo a ƙarƙashin kaya, direba ya ji bayan babur na rawa. A kan kwalta da rana mutum na iya saba wa hakan. A kan burji mai tsakuwa, da buhu a baya, lamarin daban ne.

Batun kama ƙasa ma ba kamar yadda ake zato yake ba. Girman wurin da taya ke taɓa ƙasa, wanda bai wuce tafin hannu ba, ya fi dogara ne ga abu biyu: nauyin da ke kanta da yawan iskar da ke cikinta. Tayoyi biyu masu iska ɗaya, ɗauke da nauyi ɗaya, kusan wuri ɗaya suke taɓawa, sai dai siffarsa ta bambanta. Abin da ke hana santsi shi ne irin robar, da sabuntarta, da zurfin zanen da ke bayanta.

To me ya sa baburan tsere ke da faffaɗar taya? Saboda injin wasunsu na kai ƙarfin doki 200, kuma suna buƙatar roba mai yawa da za ta raba zafin da wannan ƙarfi ke haifarwa. Wilinsu da ƙarafunansu duk an ƙera su ne domin wannan tayar. Injin ƙaramin Boxer kuwa bai kai ƙarfin doki 10 ba. Ko a gasar tseren Dakar, wadda a shekarun 1980 ke ratsa Agadez da hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar kafin a mayar da ita Kudancin Amurka a 2009 sannan Saudiyya a 2020, tayar gaba ta baburan da ke keta rairayi milimita 90 ne faɗinta. Tsayin wilin, mai inci 21, da irin haƙoran tayar su ne ke aikin.

Tsayi da mai

An ambata a baya cewa faɗi na zuwa da tsayi. Tayar 3.00-17 idan ta hau wili, tsayin ƙafar gaba ɗaya ya kai kimanin santimita 60. Idan 110/90-17 ce, kimanin santimita 63 ne. Bambancin ya kusa kashi 5 cikin 100.

Wannan ƙarin daidai yake da a cire haƙora biyu daga faifan sarƙa na baya mai haƙora 40. A miƙaƙƙiyar kwalta, babur marar kaya na iya ɗan ƙara gudu. Amma wajen tashi da kaya, ko hawan gangaren rafi, ko fita daga yashi, ƙarfin jansa ya ragu, sai direba ya riƙa riƙe kuloci da ƙaramar giya fiye da da. Ga shi kuma tayar ta fi nauyi, injin ne zai juya ta, birkin da aka ƙera domin ƙaramar taya kuma shi zai tsayar da ita.

Duk wannan a tankin mai yake ƙarewa. A lokacin da ake sayen lita ɗaya ƙasa da naira 200, ɗan acaɓa na iya kau da kai. Amma bayan da shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a ranar 29 ga watan Mayun 2023 farashin ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ya haura naira 1,000 a wurare da dama. Ɗan ƙarin da taya ke jawowa a kowace tafiya, idan aka tara shi tsawon rayuwar tayar, kuɗi ne na gaske.

Akwai kuma batun wuri. Ƙafar baya na zaune ne tsakanin ƙarfe biyu, sarƙa a gefe ɗaya, sandar birki a ɗaya gefen, madigadi a sama. Tayar da ake ganin ta shiga lafiya lokacin da babur ke tsaye a rumfar mai faci na iya fara gogar madigadi da zarar an ɗora kaya shokozoba ta nutse. Da damina taɓo kan cike ɗan ratar da ta rage. Haka kuma ranar da aka sa sabuwar sarƙa, ƙafar kan matso gaba, sai tayar ta taɓa ƙarfen da a da ba ta taɓawa. Sarƙar da ke lasar gefen taya kamar zarto ce, kuma gefen taya shi ne wurin da ba ya karɓar faci.

Inda faɗi ke da amfani

Wannan ba ya nufin cewa duk wani ƙarin faɗi kuskure ne. Masu ƙera taya kan ba kowane wili damar ɗaukar girma biyu ko uku da ke kusa da juna, saboda haka ƙarin mataki ɗaya, kamar daga 3.00 zuwa 3.25, akasari ba ya ɓata komai idan akwai wuri. Taya mai ɗan girma na riƙe iska mai yawa, abin da ke rage dukan gargada, yana kuma ba da damar rage iska kaɗan a cikin rairayi domin kada ƙafa ta nutse. Ga wanda kullum hanyarsa ta ratsa busasshen rafi, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Sai dai rage iska da ɗaukar kaya masu nauyi ba sa tafiya tare.

Su kansu kamfanonin sun sa faffaɗar taya a manyan samfuransu, amma tare da wili mai faɗi da injin da ya fi ƙarfi. Wanda ya dage sai babbar taya, hanyar da ta dace ita ce ya sauya har da wilin, ya kuma tabbatar tayar gaba ta yi daidai da ita. Kuɗin haka ne ke sa da yawa su fasa.

Shekarun taya

Akwai wata lamba da ta fi faɗi muhimmanci ga mai saye, amma ba kowa ke neman ta ba. Lambobi huɗu ne da akan buga a gefen taya, galibi cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an ƙera tayar ne a mako na 23 na shekarar 2019. Wannan tsari ya fara aiki ne daga shekarar 2000.

Roba na tsufa ko da ba a yi amfani da ita ba, zafi da hasken rana kuma na gaggauta tsufanta. A Katsina, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, tayar da ta shekara biyu rataye a ƙofar shago ba sabuwa ba ce, ko da ledar kamfani na jikinta. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, wato FRSC, ta daɗe tana gargaɗin cewa a guji tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Kamfanin Michelin na Faransa kuwa shawararsa ita ce a riƙa duba taya kowace shekara bayan ta yi shekara biyar ana amfani da ita, kada kuma a bar ta ta wuce goma. Ƙananan tsage-tsage a gefe ko a cikin zane alama ce ta cewa robar ta bushe.

A cikin zanen akwai wasu ƙananan tuddai da kamfani ya bari da gangan, akan nuna wurinsu da alamar TWI ko ɗan kusurwa uku a gefe. Idan bayan tayar ya suɗe har ya yi daidai da su, lokacin sauyawa ya yi. A Birtaniya doka ta haramta hawa babur mai inji sama da 50 idan zurfin zanen bai kai milimita 1 ba. A hanyoyin karkara a Najeriya kuwa, ba abin mamaki ba ne a ga taya har zarenta ya bayyana ana ci gaba da aiki da ita.

Talauci na daga cikin dalilai, haka ma tsadar taya. Najeriya na noman roba a jihohin kudu irin su Edo da Delta da Kuros Riba, amma manyan masana'antun tayarta biyu sun daina aiki: Michelin ya rufe ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya dakatar da ta Ikeja a 2008, inda dukkansu suka koka da tsadar aiki da rashin wutar lantarki. Tun daga nan farashin taya ya ƙara ɗauruwa da farashin dala. Shigo da tayoyin gwanjo na cikin jerin abubuwan da hukumar kwastam ta haramta, amma hakan bai kawar da su daga kasuwanni ba.

A rumfar mai faci

Ko da an sayi tayar da ta dace, yadda aka ɗaura ta na iya lalata ta tun ranar farko.

Yawancin tayoyi na da kibiya a gefe mai nuna inda za su riƙa juyawa, kuma akan ɗaura su a juye ba tare da an lura ba. Sabuwar taya na buƙatar sabon tif, wato robar ciki mai riƙe iska, kuma lambarsa ta yi daidai da ta tayar. A nan ne masu sa faffaɗar taya ke yawan yin kuskure, domin sukan mayar da tsohon ƙaramin tif cikin babbar taya. Sai ya miƙe fiye da kima, ya yi siriri, ƙaya kaɗan ta fasa shi. Fashewar tif kuwa ba ta ba da sanarwa. Iskar kan fice ne gaba ɗaya.

Kafin a sa tif, ya kamata a duba robar da ke rufe kawunan wayoyin wili daga ciki, domin waya ɗaya da ta leƙo ta isa ta huda shi. Akan ɗan hura masa iska kafin a tura shi don kada ya naɗe, a kuma shafa ruwan sabulu a bakin taya. Baƙin mai, wanda ya fi sauƙin samu a gareji, yana cin roba, yana kuma sa taya ta zame a kan wili har ta tsinke bawul. Bayan an hura iska, akwai wani siririn layi a gefen taya da ya kamata ya zagaye bakin wili daidai wa daida. Idan ya ɓace a wani wuri, tayar ba ta zauna ba.

Mayar da ƙafar ma aiki ne. Dole alamomin gefe biyu na ƙarfen da ke riƙe ta su yi daidai, in ba haka ba babur zai riƙa tafiya a karkace yana cin taya da sarƙa. Sarƙar na buƙatar sakin da kamfani ya ƙayyade, galibi santimita biyu zuwa uku. Birkin baya kuma sai an sake saita shi, tun da matsar da ƙafa na sauya tsawon sandarsa. Sabuwar taya na da santsi, shi ya sa masu ƙera ta ke ba da shawarar a bi ta a hankali a kilomita 100 na farko ko fiye.

Sai batun iska. A yawancin ƙananan babura, abin da kamfani ke so bai yi nisa da awo 25 na gejin mai faci a gaba ba, da 28 a baya, ko 32 idan akwai goyo, kuma ana aunawa ne da safe kafin taya ta ɗau zafi. Matsa taya da yatsa ko ƙwanƙwasa ta da ƙarfe ba awo ba ne. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar na haifar da zafi, zafin kuma na raba zare da roba. Wadda aka cika ta wuce kima kuwa tsalle take yi a kan gargada.

Hukumar lafiya ta duniya, WHO, ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutane miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma fiye da ɗaya cikin biyar masu hawa babur ne ko keke mai ƙafa uku.

A yankin Zobe akwai wani dalilin da ya wuce haɗari. Dutsin-Ma da Kurfi na maƙwabtaka da Safana da Batsari, ƙananan hukumomin da ke bakin dajin Rugu, kuma sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga. A dokar tsaron da gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen watan Agustan 2021, an hana goyon mutum uku a babur, an hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, an kuma taƙaita sayar da mai a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. A wurin da kowa ke son ya shiga gari kafin magariba, tayar da ta fashe a tsakanin ƙauye da ƙauye na nufin tura babur da ƙafa a daidai lokacin da babu mai son a gan shi a hanya. Idan kuwa mai naƙuda ce a baya za a kai ta babban asibitin Dutsin-Ma, ko tura babur ɗin ma ba zai yiwu ba.